Da Sauƙi

Ni ba tafinta ba ce.
Tsintsiya da bokiti aka ɗauke ni in riƙe,
hawa na uku, ɗakin maza, babban asibitin Kumasi.
Amma in an kawo ɗan Zango da Turanci bai ratsa ba,
Tonancinsa kuma iyakarsa ciniki,
sai a leƙo baranda: Ina Lantana?

Ran Laraba aka kawo Baba Cindo daga Aboabo,
tsohon mai ɗaurin huhun goro.
Ciki ya tashi kamar tulu,
ido ya yi ruwan ɗorawa.
Likita ta ce in tambaye shi jiki.
Na ce, Baba, yaya jiki?
Ya ce, da sauƙi.

Kalma biyu.
Na riƙe su a baki kamar loma mai zafi.
In na miƙa mata su yadda suka fito,
za ta rubuta an samu sauƙi,
ta wuce gado na gaba.

Ni kuwa a Asawase aka binne cibiyata.
Uwata ta ce da sauƙi ran Asabar da dare,
Lahadi da hantsi muna ɗumama ruwan wankanta.
Tun ranar na san
ba labarin jiki ba ne wannan magana.
Mutum ne ke jin nauyin
kai ƙarar Ubangijinsa wurin baƙo.

Don haka ban saurari bakinsa ba.
Na saurari shirun da ya riga amsar,
da yadda ya ja ƙarshenta har numfashi ya gaza,
da tafin hannun da ya ƙi barin haƙarƙarin dama.
Na ce wa likita: yana jin zafi ƙwarai, nan,
kuma ya kwana biyu bai runtsa ba.
Ta ɗaga gira. Duk wannan cikin kalma biyu?
Na ce, har da saura.
Kwana biyun ma ba biyu ba ne.

Ɗansa Hamidan, mai karatun akawu,
ya tare ni bakin famfo.
Ba haka ya ce ba, ai ina wurin.
Kin sa wa ubana magana a baki.

Na ce, ɗan nan, ina kake kwana?
Ya ce, Zango.
Na ce, zango wurin sauke kaya ne, a huta, a tashi da asuba.
Kakanka ya sauke, ubanka ya yi furfura, kai ga ka,
wa ya tashi?
Ka ce a zuba maka wake a bakin titi,
a ba ka shinkafa da taliya da ƙwai a ganye,
ba ka taɓa cewa an yi maka ƙarya ba.
Mai tsiren Kejetia, kowa aboki yake ce masa,
ran da ya kwanta ciwo ba wanda ya san ƙofarsa.
Kai ma yanzu za ka ce mini ina zuwa,
ka juya mini ƙeya.

Bai ce komai ba. Ya juya.

Da dare ina goge ƙarƙashin gado,
tsohon ya taɓa mini gefen zane.
'Yar nan, me kika faɗa wa matar?
Na faɗa masa duka, ban rage ba.
Ya daɗe yana kallon ledar ruwan da ke ɗiga cikin hannunsa.
Sannan ya ce,
To.

Na san to na yarda.
Na san to na gargaɗi, mai dogon wuya,
da to na wanda aka tona wa asiri a kasuwa,
da to na mai sauke kaya bayan doguwar tafiya.
Shekara goma sha tara ina tsintar su a ɗakin nan.
Wannan ban san shi ba.

Ran Juma'a na tarar an nannaɗe katifar.
Wata ta ce sallama aka yi.
Ban tambayi wace iri ba.
Na matse tsumma, na ɗauki bokiti,
da to ɗinsa ƙulle a bakin zanena.